Mangwaron da Muka Kai Damagaram

Shekarar da na gama jami'a na samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Sabon Gari, nan Wudil. Ban daɗe da farawa ba shugaban makarantar ya ce ni zan raka 'yan aji biyar Nijar lokacin hutu, su ga Damagaram, su kuma yi aikin sa-kai a makarantar wani ƙauye kusa da ita. Ina jin ya zaɓe ni ne don ban iya cewa a'a ba.

Shi ya yanke abin da za mu kai: dashen mangwaro da gwaiba daga wani lambu na bakin kogi. A lokacin ban ga aibun haka ba. Mu nan, in ka dasa itace ka ɗan kula da shi, sauran tsakaninsa ne da ƙasa.

Hanya ta ba mu wuya. Dashen na saman mota cikin baƙaƙen ledoji, duk inda aka tsaya sai na hau na yayyafa musu ruwa, na sauko na ƙirga yara. Mun zaga duwatsun tsohon gari da rumfunan dukawa, amma abin da na fi tunawa shi ne ciwon kai da tsoron kada wani ya ɓace mini.

Washegari muka isa ƙauyen. Daraktan makarantar, wani dattijo siriri, ya daɗe yana kallon abin da muke saukewa.

"Mangwaro ne? Madalla. Allah ya saka da alheri."

Muka haƙa ramuka muka dasa. Akwai duro biyu cike da ruwa a bakin aji, yaranmu suka juye wa dashen, suka wanke ƙafafu da ragowar. Wata ɗalibata mai surutu ta leƙa duron.

"Malam, ruwa ya ƙare. Ina famfon yake?"

Wata yarinyar garin ta yi dariya. "Famfo? Zo in nuna miki namu."

Na bi su, don ba na barin ɗalibi ya yi nisa da ni. Rijiyar na can bayan gari. Sa ne ke jan igiyar, yana ta tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin guga ya fito.

"Wannan sai ya kai Kano kafin a sha ruwa," in ji ɗalibata. Aka yi dariya, ban da ni. A nan na ji cewa ruwan duron 'yan mata ne suka ɗebo mana tun safe, don sha da alwala.

Da muka zauna shan shayi na tambayi daraktan wa zai riƙa shayar da itatuwan.

"Yaran nan mata, kafin su shiga aji."

"Ban sani ba ko zai yiwu a ɗan rage su, wataƙila."

"Kun ɗauko su tun daga Wudil, Malam. Da wane ido za mu bar su su mutu? Sha shayinka."

Muka dawo gida. Aka manna hotunanmu a allon sanarwa, iyaye suka yi ta yabo. Ni kuwa in na bi ta kan gada da safe na ga ruwa shimfiɗe, sai in tuna san rijiyar nan da igiyarsa. Nakan kira daraktan jefi-jefi. Mu gaisa, mu tambayi iyali da gajiya, sannan in ce itatuwa fa.

"Suna nan. Muna fama."

Da bazara ta tsananta na kira shi na ce, "Yallaɓai, in sun gagara a bar su. Ba wanda zai ji haushi a nan."

Ya ce, "Kai ka faɗa, ko shugabanku?"

Ban tambayi shugabanmu ba, kuma na san in na tambaya abin da zai ce. Na ce ni na faɗa, amma ni na kawo su.

"To, shi ke nan. Akwai biyu a wajen da ake alwala, ruwan na gangara musu. Su za mu riƙe."

Da hutu ya sake zagayowa shugaban ya kira ni ofis yana shirin wata tafiyar. Ya tambayi labarin mangwaron. Na ce biyu sun kama sosai. Ya ɗago kai ya dube ni, sai na ƙara da cewa a ganina, in bai ga damuwa ba, wannan karon gara darbejiya, ko ma a fara tambayar mutanen ƙauyen abin da suke so.

Ya ce zai yi tunani. Ya kuma ce ni zan sake raka yaran.