Waken Dutsen Gwaggo Fidda

Gwaggo Fidda yayar babana ce. A ƙauyenmu na tuddan Ajlun, duk wanda ya ci gurasarta ya san ta, wanda bai ci ba kuwa ya ji dariyarta daga nesa. Tun tana yarinya, da zarar sanyi ya ja baya sai ta hau dutse neman waken dutse, ta ɓare ta ci ɗanye a tsaye. Da gwiwa ta fara hana ta hawa, sai ta ce to, waken ne zai sauko.

Shekarar farko ta shuka shi a gwangwanin man zaitun, ta zuba takin awaki, tana ba shi ruwa safe da yamma. Ya ruɓe gaba ɗaya.

Mijinta Muflih, uban ɗanta Nayif, ya leƙa gwangwanin ya ce, “Ummu Nayif, wake kika shuka ko kifi kike kiwo?”

“Kai dai sha shayinka, Abu Nayif. Ranar ci zan ga bakinka.”

Da ruwan farko ya sauka a shekara ta gaba, ta goga ƙwayoyin a kan dutse don bawonsu ya yi laushi, ta tura su cikin tsakuwa a gindin katanga, inda ranar safe ke bugawa kuma ruwa ba ya kwanciya. Ta kafa busassun rassan zaitun don ya samu abin kamawa. Daga nan ta bar shi da ruwan sama. Hannunta na ƙaiƙayi ta ɗauki buta, amma ta daure.

Waken ya tsiro, ya nannaɗe rassan, ya haye katanga, ya yi fure ja-ja mai ruwan hoda. Gwaggo ta aika aka kira mu kamar an yi haihuwa. Da ya yi 'ya'ya muka ci har haƙoranmu suka yi kore, ta hana mu taɓa na sama, wai na iri ne.

Na irin suka bushe. Wata ranar zafi Muflih na gyangyaɗi a inuwa, sai ji ya yi tas! Ƙwaya ta same shi a kunne. Ya zabura yana neman mai jifa, Gwaggo kuwa har da hawaye don dariya. Ashe haka kwanson yake fashewa ya watsa 'ya'yansa.

Da shekara ta zagayo, maƙwabciyarta Wadha ta shigo da faɗa, wai ciyawar Fidda ta tsallaka cikin albasarta.

“Zauna tukuna, Wadha, ki ɗanɗana ciyawar.”

Wadha ta ci ɗaya, ta ci biyu, ta gyara zama. Da za ta tafi, sai ta tambaya ko akwai ragowar rassan zaitun.