Kifi Biyu a Cikin Koren Kwano

Ni ɗan Maraɗi ne, karatu ya kawo ni Paris. A gida ba a taɓa kama ni da kayan wani ba. Don in riƙe kaina na samu bulo, wato ɗan aiki, a wani sito a Aubervilliers, muna sauke kwalayen tangaran daga Sin.

Can wani abokin aiki ya koya mini jiƙa sabon kwano a ruwan shayi, a dirje gindinsa da ƙasa, a kai kasuwar tsofaffin kaya a ce seladon ne, wato koren tangaran na mutanen da. Na haddace ma'anar dabbobin jikinsu don jan mai saye: jemage sa'a, barewa arziki, kunkuru tsawon rai.

A Belleville ina da maƙwabciya, wata tsohuwa ƴar Sin, Madam Lin, nakan hau mata da kayan cefane. Ran nan ta zaunar da ni, ta ɗauko mini kwanon seladon na gaske, da kifi biyu kwance a cikinsa.

"Miji da mata ne," in ji ta. "Kakata ta ba uwata, uwata ta ba ni. Jikata zan ba ranar aurenta."

Bayan mako guda na musanya shi da na jabu tana kicin.

A jirgin Lyon jakar da na sa kwanon tana kan cinyata. Duk wanda ya dube ni sai gabana ya faɗi. Dillalin da na kai wa ya juya kwanon, ya duba gindinsa.

"Zauna, ina zuwa," ya ce.

Ashe jikar Madam Lin ta riga ta kai hotonsa kamisariya, ofishin ƴan sanda. Ƴan sanda suka same ni a kujerar.

A kotu Madam Lin ba ta zage ni ba, ba ta ma dube ni ba. An riƙe kwanon a matsayin shaida, aka yi bikin babu shi. A gidan kaso wannan ya fi hana ni sukuni.

Da na fito na kira Inna na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Ka nemi gafarar tsohuwar?"

Na je. Wasu na tarar a gidan, ta rasu.

Na tuba, yanzu wanke-wanke nake a wani gidan abinci, takarduna na zama kuma har yau ban san makomarsu ba. Ƙannena, in an ce muku ƙaramar dabara ce, ku bar wurin. Wanda ya buɗe muku ƙofarsa kada ku cuce shi, don ba lalle ku same shi ba ranar da za ku koma neman yafiya.