Kujerar da Na Ci Aka Hana Ni Zama

Abubuwa da yawa sun same ni a garin Tamanrasset, masu daɗi da marasa daɗi, kuma yawancinsu sun shuɗe kamar ba a yi ba. Amma akwai guda ɗaya da har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba, wato ranar da na ci zaɓe a gaban jama'a, aka dube ni ido da ido aka ce ban ci ba. Shekaru sun ja, na yi aure, na haifi 'ya'ya, amma har yau abin bai bar raina ba.

A unguwar Tahaggart aka haife ni. Babana mutumin Damagaram ne, ya zo garin tun yana saurayi yana sayar da atamfa da turare, har ya yi furfura a nan. Bayan na gama lekkol, wato makarantar boko, sai ya sa ni a wata kwaleji mai zaman kanta, inda ake koyar da aikin buro, wato ofis, da kwamfuta. Da na samu difloma na buɗe ɗan shago a unguwar Sersouf, ina buga wa mutane takardu. Rayuwata ke nan, ba ruwana da neman muƙami.

Kwalejin tana da majalisar amintattu, su ne ke yanke shawara a kan duk abin da ya shafi makarantar. A cikin kujerunsu akwai guda ɗaya ta tsofaffin ɗalibai, mu muke zaɓen wanda zai zauna a kanta. Wata rana da hantsi ina cikin aiki sai ga shugaban kwalejin, wanda muke kira mudir, ya shigo shagona da kansa. Mutumin nan shi ya koya mini taɓa kwamfuta, ina ganin girmansa kamar uba. Na shimfiɗa masa, na aika aka kawo shayi. Ya yaba shagon, ya yaba ƙoƙarina, sannan ya ce wa'adin mai riƙe da kujerarmu ya ƙare, kuma shi a ganinsa babu wadda ta dace ta tsaya takara kamata.

Na ce masa ni 'yar baƙi ce, takardar zama nake riƙe da ita, ba ta ɗan ƙasa ba. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, wannan makaranta ce, ba majalisar gari ba. Difloma ake tambaya, kuma kina da ita."

Da na gaya wa Baba, sai ya ɗauki tasbaha yana ja. Daga baya ya ce shi dai abin da ya sani, baƙo raɓa ne, kuma bai taɓa ganin an kira mutum cin tuwo ba tare da an san inda za a zaunar da shi ba. Amma bai hana ni ba.

Abin da ya sa na amince ba son kujera ba ne. A lokacin ana ta raɗe-raɗin majalisar za ta dakatar da kar ɗin makaranta, babbar motar da ke ɗauko ɗalibai daga ƙauyen Tit da safe ta mayar da su da yamma. Yawancin masu hawanta 'yan mata ne, 'ya'yan masu lambunan dabino, kuma na san iyayensu ba za su bar su su kwana a birni ba. In motar ta tsaya, karatunsu ya tsaya. Aminiyata ta aji ma da wannan motar ta yi karatu, yau ga ta tana aiki a buron wani asibiti.

Sai na ɗaura ɗamara. Na riƙa rufe shago da la'asar ina bin gidajen waɗanda muka yi karatu tare. Na je Tit ni da aminiyar tawa, muka zauna a inuwar dabino da iyaye mata, ni ina Hausa da Larabci, ita tana juya musu da yarensu na Tamahak. Wata dattijuwa ta cika mini leda da dabino, ta ce jikarta ce ta fari a zuriyarsu da ta taɓa zama a gaban kwamfuta, don Allah kada in bari a mayar da ita gida. Na yi mata alkawari. Wannan alkawarin shi ne har yau ya fi ci mini rai.

Abokin takarata ɗan ƙanen mai makarantar ne, wato wanda ya kafa kwalejin. Ba ni da abin faɗa a kansa sai dai gaskiya: bai taka ƙofar kowa ba, bai nemi ƙuri'ar kowa ba. Na ɗauka girman kai ne. Ashe shi ya san abin da ban sani ba.

Ranar zaɓe aka jera kujeru a farfajiyar makaranta, aka kafa rumfa. Mutanen Tit suka zo cike da mota. Aka ce zaɓen na ɗaga hannu ne. Da aka kira sunan abokin takarata, hannuwa suka tashi jefi-jefi, yawanci a sahun gaba. Da aka kira nawa, sai farfajiyar ta zama kamar gonar gero. Ba a ma buƙaci ƙirge ba, mata suka fara guɗa. Ina tsaye ina neman fuskar mudir don in ga farin cikinsa. Sai na gan shi ya sunkuya yana raɗa da mai makarantar, fuskarsa babu annuri.

Aka ce a ɗan dakata. Suka shige buro suka rufe ƙofa, muna zaune rana tana dukanmu. Da suka fito, mudir ya karɓi lasifika ya gode wa kowa, ya yabe ni yabo mai tsawo, har ya kira ni abin alfaharin makaranta. Sannan ya ce sai dai kash, bayan sun duba ƙa'ida sun gano cewa ɗan ƙasa kaɗai ke iya zama a majalisar, don haka kujera ta koma ga wanda ya zo na biyu.

Wuri ya kaure da hayaniya. Ni ban tsaya ba, na bi shi har cikin buro. Ban zauna ba, ban kuma gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce, "Malam, ranar da ka sha shayi a shagona, ba ka san ni 'yar wane ce ba? Ba ni da bakina na faɗa maka ba?"

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen rawaninsa. Wallahi da ya yi mini ƙarya da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, a hankali kamar mai ba ni shawara, "'Yata, masu tallafa wa makaranta suna son su ga an yi takara, kuma a ga mace a ciki. Ban yi zaton za ki ɗauki abin da zafi haka ba. Ban yi zaton za ki ci ba."

Wato ni ado ce. An ɗauko ni ne in tsaya a gefen ɗan gata don hoto ya yi kyau, in sha kaye, in yi murmushi, in koma shagona. Laifina kawai shi ne na yarda da maganar malamina, na yi aikin da gaske.

Abin bai tsaya nan ba. Na yi niyyar kai ƙara, tsofaffin ɗalibai da dama suka ce suna bayana, har da 'yan ƙasar. Amma kafin in motsa sai ga dattawan 'yan kasuwarmu sun zo wurin Baba a zaure. Ina daga ciki ina jin su. Suka ce mai makarantar babban mutum ne, yawancin shagunan da mutanenmu ke haya nasa ne, in na tayar da ƙura kowa zai shaƙa. Ɗaya daga cikinsu har ya ce tun farko me ya kai mace, kuma baƙuwa, neman kujera a garin mutane. Garin da aka yanke mini cibiya a cikinsa! Baba ya shigo ya zauna kusa da ni, bai umarce ni da komai ba, ya dai ce, "Uwata, gaskiya taki ce, amma wuyan mutane da yawa yana hannunki." Na yi kuka na haƙura, ba don an gamsar da ni ba.

Kafin shekara ta zagayo aka dakatar da motar. Wanda ya zauna a kujerar bai buɗe baki ba. 'Yan matan Tit kaɗan ne suka samu dangi a birni suka ƙarasa, biyu daga ciki a ɗakin mahaifiyata suka zauna har suka gama. Jikar dattijuwar nan ba ta cikinsu, babanta ya ƙi. Ban sake iya taka Tit ba sai bayan rasuwar tsohuwar, don ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Mudir yana nan da ransa, mukan haɗu a kasuwa. Ina gaishe shi saboda ya koyar da ni, amma gaisuwar ba ta wuce leɓe.

Abin da na koya shi ne, ba duk mai kiranka gaba ne yake son ka isa ba. In babba ya zo yana zuga ka ka nemi wani matsayi, kafin daɗin yabo ya rufe maka ido, tambaye shi a gaban shaidu abin da zai faru in ka ci. Kuma kada ka ɗauki alkawari ga mai rauni a kan ƙarfin da aro aka ba ka, domin ranar da mai abu ya karɓe abinsa, shi zai tafi gida ya yi barci, kai ne za ka rage da kunyar.