Da Anti Rifkatu Na Nan

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Anti Rifkatu, injiniyar da aka turo mana Gumel daga Filato. A hannunta na koyi aiki, lokacin da rediyon oba-oba ce kaɗai ke haɗa mu da ɗakunan shan magani na Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Jikin kowace na'ura akwai takardar bayani: in ta ɗauke ga abin da za a duba, ga wanda za a nema. Duk ran da aka sauya wani abu, sai ta hau acaɓa ta bi garuruwan nan, ta liƙa sabuwa, ta yage tsohuwar da hannunta. Na taɓa ce mata, "Anti, a bar tsohuwar mana, ko za ta yi amfani." Ta ce, "Habu, in mutum ya rikice, wadda idonsa ya fara gani ita zai bi."

Yanzu muna da babbar kwamfuta, saba, wadda ke tattara rahoton sanyin firjin allurar rigakafi daga ko'ina. Watan jiya ta tsaya. Shafin da ke sa mata ido ya yi ja, ma'aikaciyar da ke bakin aiki ta danna adireshin intanet na bayanin gyara, sai ga ta a shafin caca. Ashe masu kwangilar da suka kafa mana kwamfutar sun bar adireshin ya mutu, wasu suka saye. Ta danna adireshi na biyu, ya buɗe, amma bayanin na'urar da aka cire tuntuni ne, ga kalmar sirri a rubuce, kowa na gani. Kafin mai gyara ya iso daga Kano, firji guda ya lalace ba wanda ya sani. Mata suka taso daga rugage da goyo, aka ce su koma.

Me Anti Rifkatu za ta ce da ta ga wannan? Ina jin ko zama ba za ta yi ba. Ni kuwa na yi magana a taro har ana ce mini sarkin mita. Kowa ya yarda a riƙa duba adiresoshin, ba wanda aka ɗora wa.

Ba ɗakin da aka sa wa sunanta, ko hotonta babu a ofis. Abin da ya rage nata shi ne ni, duk Litinin ina danna adiresoshin nan ɗaya bayan ɗaya, ina cire matattu. Ritayata ta kusa, har yau ba wanda ya ja kujera kusa da ni ya ce in nuna masa.