Mabuɗin Adakata

Duk abin da tsufa zai kwashe mini, ba zai kwashe ranar da na ba jikata mabuɗin adakata ba.

Ni na goye ta, ni na yaye ta. Ta yi karatu har Yamai, ta dawo Madarunfa gab da damina da na'urar nan da suke ce wa ordinater. Wasu masu aiki a Yamai suka ce za su ɗauke ta aiki, in har kafin la'asar ɗin ranar ta nuna musu na'urarta tana jawo labarin ruwan sama daga wani gida mai nisa a intanet, tana aika wa manoman Safo da Gabi ta waya.

Tun hantsi take gindin dogon yaro, inda rezo, wato layin waya, ya fi kamawa. Ta ce bibliyotek take sakawa, wai ɗakin littattafai. Na ce to ina littattafan?

"Kaka, ba na takarda ba ne. Aiki ne da wasu suka riga suka gama, kamar tafinta. Na'urata ta faɗa masa, shi ya faɗa wa gidan can."

Tafinta dai ya zauna lafiya, amma gidan ya ƙi buɗe ƙofa. Azahar ta wuce, furarta ta yi tsami a ƙwarya.

"Mabuɗin ne ya ƙi," in ji ta.

Allah Ya sani, sai da raina ya yi sanyi, don in bai buɗe ba, tana nan wurina. Daga baya na ji kunyar kaina. Na kwance bakin zane, na ciro mabuɗin adakar da marigayi maigidana ya sayo mini a Ɗan Issa, na miƙa mata. "Ungo, gwada wannan."

Ta yi dariya har da hawaye. "Tsohuwa, ba za ki kashe ni ba. Nawa haruffa ne, ba ƙarfe ba."

"Ko ƙarfe ko haruffa, 'yar nan, ni in nawa ya ƙi, haƙoransa nake dubawa. Ƙirga naki."

Ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ashe wajen kwafowa ta baro harafin ƙarshe. Ta cika shi, ta danna, rubutu ya zubo.

"Kaka, jibi za a yi ruwa."

Aka kuwa yi shi, a cikinsa ta shiga motar Yamai, don sun ɗauke ta aikin. Mabuɗina ta rataya a wuya, ta ce ba za ta aiko da shi ba, da hannunta za ta maido.

Damina huɗu ke nan. Saƙon ruwa na shigowa wayar maƙwabciyata, ta karanta mini, ni kuwa muryar jikata nake ji. Adaka tana nan a kulle da zannuwan sallata a ciki. An ce a fasa, na hana.

Waccan ranar ce ta koya mini cewa wanda kake ƙauna, da hannunka za ka buɗe masa ƙofar fita, sannan ka zauna a bakinta kana jira.