Ƙugiyar da Ta Ɓata a Birmingham

Mun tashi daga Longsight, unguwarmu a Manchester, ranar Asabar da ƙarfe shida da kwata na asuba, ni da babban ɗana, wanda ya tuƙa motar. Ƙarfe shida muka yi da shi. Na rubuta kwatan nan ne domin ya gani.

Wuƙa muka tafi karɓowa. Jikata ta kammala koyon girki, kuma washegari za a yi mata walima. Na sa wani maƙeri a Birmingham ya ƙera mata wuƙar da ake haɗa ƙarfe iri biyu, a buga, a ninka, a sake bugawa, har zane ya zauna a jikinta. Tun da a Manchester aka haife ta, na nemi a rubuta mata kalmomi biyu kusa da ƙota: Tuna ƙasa.

Titin Stockport babu kowa sai bas da mahauta masu buɗe shago. A babbar hanya aka yi ta yayyafi. Mun tsaya shan shayi. Tsadarsa ta fi zafinsa.

Maƙerin Bature ne, dattijo, kuma maƙerarsa tsaf take, abin da na yaba. Ya nuna mini yadda ake gama irin wannan ƙarfe. Akan goge shi har ya zama madubi, amma zanen yakan dushe. Akan bar shi ya daɗe a ruwan asid har farce ya ji tudu da kwari, sai dai abinci yakan maƙale. Tamu kuwa ya tsoma ta kaɗan-kaɗan, ya wanke, sannan ya jiƙa ta a ruwan gahawa mai kauri, ƙarfe ɗaya ya yi baƙi, ɗayan ya tsaya fari kamar igiyar ruwa. Aikin ba shi da aibi.

Sai na duba rubutun. Tuna kasa.

Injinsa na rubutu bai san harafinmu na ƙ ba, shi kuma ya ɗauka ƙugiyar da ke kan harafin datti ce a takardata. Na bayyana masa cewa ya umarci jikata ta tuna da maciji, ko kuma da gazawa.

Ɗana ya ce, "Baba, it's just a tiny hook. Ba za ta ma lura ba."

Na ce, "Domin ba za ta lura ba ne dole a gyara."

Hanya biyu ce. A kankare rubutun a sake komai, kwana uku, walima ta wuce. Ko a shafe wurin da man banish mai kare ƙarfe daga asid, a zana ƙugiyar da allura, a ɗiga asid. Sau ɗaya ake yi, ba a gogewa. Maƙerin ya ce bai san siffarta ba, ya miƙo mini allurar.

A makarantar mishan, rula ce ta koya mana ƙugiya, da duka a bayan yatsu. Amma hannun yanzu yana rawa. Na gwada sau tara a kan guntun ƙarfe. A na goma, a kan wuƙar, ɗana ya riƙe mini gwiwar hannu. Ban roƙe shi ba, ban kuma hana shi ba.

Aka ɗiga asid, aka jira, aka wanke da ruwan soda, aka shafa mai. Muka naɗe wuƙar cikin kwali a but ɗin mota, domin a ƙasar nan ba a yawo da ita a hannu. Mun ci shinkafa a wani shagon 'yan Pakistan, barkonon bai kai ba.

Abin da na koya shi ne a karanta rubutu da ido kafin asid ya taɓa shi.

Mun isa gida ƙarfe huɗu da rabi. Ƙugiyar ta fito, ta ɗan fi sauran haruffa kauri, ta kuma karkata. Washegari jikata ta tambayi mene ne wannan ƙaho a kan harafin. Ta furta kalmar daidai a karo na uku.