Awarwaron da Baba Ya Tono

Da Baba ya ajiye aiki, sai ya sayo na'urar gano ƙarfe a ƙasa. Kowace Lahadi yana bakin kogin Binuwai. Ya dawo unguwarmu Poumpoumré da ƙusoshi da murafen kwalba, Inna ta yi ta masa tsiya.

Da ta ga jikinsa ya yi sanyi, ta binne awarwaronta na azurfa a gindin mangwaron gidanmu, ta ce, “Malam, gwada nan mana.”

Na'ura ta yi ƙara. Ya tono, ya wanke, ya rantse kayan mutanen dā ne, ya ba ta kyauta.

Ta yi godiya. Yana fita ta dube ni. “Kin ga ubanki? Shi fa ya sako min shi a lefe!”